Waɗanda Suka Ji Ƙyama Sun Fi Kusa da Gaskiya: Masu Karatu da Zaluncin Cikin Gida a Wuthering Heights

A watan Disambar 1847 wani mai buga littattafai a Landan, Thomas Cautley Newby, ya fitar da ƙagaggen labarin Wuthering Heights da sunan Ellis Bell, sunan aron da Emily Brontë, 'yar limamin cocin ƙauyen Haworth a yankin Yorkshire, ta fake da shi. Shekara guda bayan haka, ranar 19 ga Disambar 1848, ta rasu tana da shekara 30. A cikin ɗan akwatin rubutunta an tarar da yankakkun sharhi guda biyar da jaridu suka yi kan littafin, ciki har da na Atlas da Examiner da Britannia da Douglas Jerrold's Weekly Newspaper. An daɗe ana kawo waɗannan sharhohi a matsayin shaidar cewa mutanen wancan zamani sun kasa gane abin da ke hannunsu, sai da na baya suka zo suka gano cewa babban labarin soyayya ne. Wannan maƙala tana ganin an juya maganar. Masu karatun farko da suka ce littafin ya tayar musu da zuciya sun ga ainihin abin da ke cikinsa, wato ƙeta da zalunci tsakanin 'yan gida ɗaya, a gaban shaidu, kuma da goyon bayan doka. Hukuncin da suka yanke wa littafin ne ya karkace, ganinsu bai karkace ba. Karatun soyayya da ya rinjaya daga baya kuwa bai samu gindin zama ba sai da aka datse fiye da rabin labarin.

Mu fara da abin da suka ce. Mai sharhin Douglas Jerrold's, a Janairun 1848, ya bayyana cewa mai karatu zai kaɗu ya ji ƙyama saboda rashin imani da ƙiyayya da ramuwar da aka zayyana dalla-dalla, amma a wannan sharhin dai ya yarda cewa littafi ne da ba a fara shi a ajiye ba a kai ƙarshe ba, har ya shawarci masu son sabon abu su neme shi. Na Atlas ya ce bai ga mutum ɗaya a labarin da ba abin ƙi ko abin raini ba. A Amurka, mujallar Graham's ta yi mamakin yadda ɗan Adam zai rubuta irin wannan abu bai hallaka kansa ba, shi kuma Edwin Percy Whipple a North American Review ya ɗauki Heathcliff, jigon labarin, haɗin dabba da shaiɗan. Ba wai ba su lura da soyayyar ba ne, domin mai sharhin Douglas Jerrold's ya ambaci ƙarfinta. Sai dai ya ajiye ta a bayan ƙeta, a matsayin abin da ke ɓullowa jefi-jefi a tsakiyar mugunta, kuma idan aka ƙirga shafukan littafin a nan ne wurinta yake.

Dole a tambaya me ya sa wannan littafi ya girgiza mutanen da ba baƙi ba ne ga labaran firgici. Tun 1764 da Horace Walpole ya fitar da The Castle of Otranto, da 1794 da Ann Radcliffe ta fitar da The Mysteries of Udolpho, Turawan Ingila suke shan irin labaran da suke kira gotik. Amma waɗancan labarai sun kai mugunta nesa da gida: tsohuwar fada a Italiya, ƙarnonin da suka shuɗe, azzalumin basarake mai suna Manfred ko Montoni. Mai karatu a Landan zai ji tsoronsa ya more, don ya san abin ba a ƙofarsa yake ba. Emily Brontë ta ɗauko wannan duhu ta shigar da shi gidan manomi a arewacin Ingila, inda ake dama kunu a murhu, karnuka na kwance ƙarƙashin kabad, tsohon bara Joseph na jan ayoyin Baibul da karin harshen Yorkshire. Labarin ya buɗe da shekarar 1801, zamanin da iyayen masu sharhin suka gani da idonsu. Mai mugunta a nan maƙwabci ne mai gona da 'yan haya, waɗanda yake zalunta kuma matarsa ce da ɗansa da surukarsa da marayan da yake riƙo.

Abin da ya tayar da hankalin masu karatu yana nan a shafi, kuma ya kamata a dube shi kusa. Hindley Earnshaw, magajin gidan da Heathcliff ya taso a ciki, a buge, ya ɗauki ɗansa Hareton da bai wuce goye ba ya ɗaga shi ta saman matakalar bene, yaron ya suɓuce, Heathcliff da ke wucewa ta ƙasa ya cafe shi ba da niyya ba, sannan fuskarsa ta nuna baƙin cikin cewa da hannunsa ya ɓata ramuwar da ta zo masa har gida. A daren da Heathcliff ya gudu da Isabella Linton don ya aure ta, ya rataye 'yar karyarta da hankici a jikin ƙugiyar da ake ɗaure linzami, a gabanta, ta kuma bi shi duk da haka. Ranar da ta tsere daga gidansa jini na zuba daga ƙarƙashin kunnenta, inda wuƙar cin abincin da ya jefe ta da ita ta same ta. Shekaru goma sha bakwai bayan haka ya kulle Cathy ƙarama, 'yar yayan Isabella, a gidansa alhali mahaifinta na kan gargarar mutuwa, da ta ciji hannunsa tana neman ƙwace makulli sai ya riƙe ta ya yi ta zabga mata mari ta kowane gefe, ya tilasta mata auren ɗansa Linton. Da Linton ɗin ya kwanta ciwon ajali, Cathy ta roƙi a kira likita, uban ya ƙi kashe ko sisi, aka bar yarinya 'yar shekara 17 ita kaɗai da mai mutuwa. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne yadda ƙetar ke yaɗuwa ga waɗanda aka yi wa. Hareton ƙarami yana rataye 'yan kwikwiyo a bayan kujera. Linton mai ciwo yana murnar cewa littattafan matarsa da tsuntsayenta da dokinta duk sun zama nasa. Catherine babba, masoyiyar Heathcliff kuma mahaifiyar Cathy ƙarama, wadda tsarabar da ta roƙa tun tana ƙarama bulala ce, ta mintsini 'yar aiki, ta jijjiga jariri, ta mari saurayinta duk a zama ɗaya. Hatta Lockwood, baƙon birni mai ladabi, a mafarkinsa ya goga wuyan hannun fatalwar yarinya a fasasshen gilashin taga har jini ya jiƙa shimfiɗa. Mai sharhin Atlas ya wuce gona da iri da ya ce babu na kirki ko ɗaya, amma ana gane inda ya samo maganar.

Akwai wani ɓangare na wannan zalunci da masu karatun 1847 suka fi mu saurin ganewa, domin a ƙarƙashinsa suke rayuwa. A 1926 wani lauya, C. P. Sanger, ya bi labarin shekara-shekara ya nuna cewa marubuciyar ta tsara kwanakinsa da shari'ar gadonsa da kulawa sosai. Heathcliff bai kashe kowa a fili ba, bai kuma fasa gidan kowa ba. Gidan Earnshaw ya same shi ne ta hanyar jingina, bayan Hindley ya cinye dukiyarsa a caca ya mutu yana da shekara 27, ya bar ɗansa bara a gidan kakanninsa. Dukiyar gidan Linton kuwa ta aure ya bi. A dokar Ingila ta lokacin, abin da mace ta mallaka na kuɗi da kaya yana komawa hannun mijinta ranar ɗaurin aure, kuma wannan bai fara sauyawa ba sai da dokokin 1870 da 1882. Kafin 1857 raba aure sai da dokar majalisa ta musamman, abin da sai masu hannu da shuni. Uwa ba ta da ikon neman riƙon ɗanta a kotu sai bayan dokar 1839 da fafutukar Caroline Norton ta haifar, ita ma ga yaran da ba su kai shekara bakwai ba. Saboda haka Isabella ba ta da wata hanya sai gudu da ɓuya, kuma tana rasuwa uban ya aiko a ba shi ɗansa, ba wanda ya isa ya hana. Da Edgar Linton, mijin Catherine kuma mahaifin Cathy ƙarama, ya so sauya wasiyyarsa ya danƙa dukiyar 'yarsa ga amintattu, lauyansa Green ya ƙi zuwa kan lokaci don Heathcliff ya riga ya saye shi. Matar aure da ta karanta wannan a 1848 ta san ba tatsuniya ake yi mata ba.

Batun sirri a littafin ma yana da nasa fasali, kuma a ganina shi ne tushen rashin sukunin mai karatu. A Jane Eyre, wanda yayarta Charlotte ta fitar watanni biyu kafin nan, sirrin gidan mace ce a kulle a ɗakin sama, ana tona shi labari ya juya. A Wuthering Heights abin da aka ɓoye wa mai karatu kaɗan ne: asalin Heathcliff, da inda ya samo dukiya a shekaru ukun da ya ɓace. Dukan da ake yi da yunwa da kulle kuwa kowa ya sani. Likita Kenneth ya sani. Zillah mai aikin gida ta ga halin da Cathy ke ciki ta ɗauke kai, don maigida ya ce ba ruwanta. Edgar Linton majistare ne, amma da wasiƙar ƙanwarsa ta iso ya ƙi rubuta mata ko layi ɗaya. Nelly Dean, wadda ta bakinta muke jin mafi yawan labarin, ta ɓoye wa Edgar tsananin ciwon matarsa don tana ganin shagwaɓa ce, ta kuma kai wa mai jinyar wasiƙar Heathcliff a asirce. James Hafley a 1958 ya kai ga cewa Nelly ce muguwar littafin. Ban bi shi har can ba, domin 'yar aiki ce da ke iya rasa abincinta da kalma ɗaya, kuma ita ce ta raini marayu biyu. Amma ya taɓo wani abu na gaske. Labarin yana isowa gare mu ne a matsayin hira da ake yi wa Lockwood don ɗebe masa kewa yana kwance da mura, Nelly na ɗinki a gefensa. Marubuciyar ta zaunar da mai karatu a kujerar wanda ake ba labarin azabar maƙwabta yana jin daɗin sauraro. Wanda ya ce ya ji ƙyama amma ya kasa ajiye littafin ya faɗi daidai abin da wannan tsari ke yi wa mutum.

To yaya aka yi labarin ya koma na masoya? Sassautawar ta fara ne daga gida. A bugun 1850 Charlotte ta rubuta gabatarwa tana neman wa 'yar'uwarta uzuri: ta danganta kaushin littafin ga halin mutanen ƙauyukan arewa, ta nuna Emily a matsayin wadda baiwa ta rinjaya har ba ta san abin da ta ƙirƙira ba, ta kuma bayyana shakkarta kan ko ya dace a ƙagi mutum irin Heathcliff. Ita ce kuma ta ƙi a sake buga The Tenant of Wildfell Hall na ƙanwarsu Anne, labarin matar da ta tsere da ɗanta daga mashayin miji, tana ganin zaɓen jigon kuskure ne. Daga nan manazarta suka ɗaga littafin sama da ƙasa. Virginia Woolf a 1916 ta karanta shi a matsayin zancen ɗan Adam da ikokin da suka fi shi. Lord David Cecil a 1934 ya raba mutanen labarin gida biyu, 'ya'yan guguwa da 'ya'yan natsuwa, ya ce rikicinsu ya wuce ma'aunin kirki da mugunta. Karatu ne mai ƙayatarwa, amma yana da tsada: idan Heathcliff guguwa ne, to raunin kunnen Isabella ɓarnar iska ce, ba a tuhumar kowa. Fim ɗin William Wyler na 1939, da Laurence Olivier da Merle Oberon, shi ya kammala aikin. Catherine tana mutuwa a babi na 16 cikin babi 34, fim ɗin kuma ya watsar da zuriya ta biyu gaba ɗaya, ba Cathy ƙarama, ba Linton, ba Hareton, ya rufe da fatalwowin masoya biyu suna tafiya tare. Fim ɗin Indiya Dil Diya Dard Liya na 1966 da Dilip Kumar ya fito a ciki ya bi wannan layi na masoyan da aka raba. Waƙar Kate Bush ta 1978 ta ɗauki muryar fatalwar a bakin taga. A 2007 wata ƙuri'ar jin ra'ayi a Birtaniya ta zaɓe shi labarin soyayya mafi girma, sannan a 2009 aka sake buga shi da bango irin na jerin littattafan Twilight don jawo 'yan mata matasa.

Za a iya cewa, ai soyayyar tana nan, kuma ita ce mutane ke tunawa. Haka ne, kuma babu mai musun ƙarfin babukan da Catherine ke bayyana wa Nelly abin da ke ranta, ko haɗuwarta ta ƙarshe da Heathcliff. Amma ko a wannan haɗuwa marubuciyar ba ta bari mun manta da jiki ba: Catherine ta tsige masa gashi, shi kuma yatsunsa sun bar shaida a fatar hannunta, mace mai cikin wata bakwai da ba ta kai shekara ashirin ba. Shaƙuwarsu ta samo asali ne tun suna yara biyu da Hindley ke duka da horon yunwa, suna gudu daji don tsira. Littafin ya nuna ta a matsayin abin da gidan zalunci ya haifa, sannan ya ɓata babi goma sha takwas yana bin abin da ta jawo wa yaran da ba su ji ba ba su gani ba. Wanda ya tuna soyayyar bai yi ƙarya ba, sai dai ya tsaya karatu inda marubuciyar ba ta tsaya ba.

Wata sukar ta fi wannan ƙarfi. Masu sharhin farko, in ji ta, ba tausayin Isabella ya dame su ba. Abin da ya ɓata musu rai shi ne an kawo zagi da ashar da mutanen karkara cikin adabi, wasunsu kuma sun so a ce irin wannan abu ba a rubuta shi. Wannan gaskiya ne a kan da yawansu, kuma shi ya sa na ce hukuncinsu ya karkace. Sun aikata abin da Zillah ta aikata, suka ga abu suka nemi a rufe ƙofa. Amma hujjar maƙalar ba ta dogara da kyawun niyyarsu ba. Mutumin da ya ce a ɓoye abu ya riga ya shaida cewa abin yana nan. Wanda ya lulluɓe shi da sunan ƙauna mai girma ya fi yi masa illa, don ya hana a ma gane akwai abin tambaya.

Akwai kuma masu cewa Heathcliff shi ne wanda aka fara zalunta. Arnold Kettle a 1951 da Terry Eagleton a 1975 sun karanta ramuwarsa a matsayin ta talakan da ya juya makaman masu dukiya, wato jingina da aure da gado, a kansu. Yaro ne da aka tsinta a titin Liverpool wajen 1771, lokacin da birnin ke cikin manyan tashoshin cinikin bayi, baƙin yare a bakinsa, ana zaginsa da launin fatarsa, kuma wannan ne ya sa Andrea Arnold ta ba baƙar fata James Howson matsayin a fim ɗinta na 2011. Na yarda da wannan karatu, kuma ina ganin yana ƙarfafa maganata ne. Yana mayar da littafin inda masu karatun farko suka same shi, cikin gida da dukiya da iko. Inda nake rabuwa da wasu masu bin sa shi ne inda bayani ke komawa wanke laifi. Hindley da ya wulaƙanta shi ya mutu tun a babi na 17. Waɗanda suka ɗanɗani sauran ramuwar yara uku ne, kuma Heathcliff da bakinsa ya nuna yana sane da abin da Hareton ke ji, don shi ma ya ji irinsa, yana kuma alfahari da cewa ya hana shi karatu.

Suka ta ƙarshe ita ce mai karatu yana da 'yancin ɗaukar abin da ya ga dama daga littafi. Ba na jayayya da wannan ga mai karatu a ɗakinsa. Amma karatun soyayya bai taso daga zukatan masu karatu kai tsaye ba. Gabatarwa da fim da waƙa da bangon littafi ne suka riga mai karatu isa shafin farko, shi ya sa har yau ake samun wanda ya buɗe shi yana jiran labarin masoya ya rufe yana cewa an yaudare shi, bai ga kowa ba sai mugaye. Wannan koke shi ne na 1848 ya dawo, kuma bai kamata malami ya ɗauke shi alamar rashin fahimta ba. Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin hukumar WAEC ta sa Wuthering Heights cikin littattafan jarrabawar adabin Ingilishi na 2021 zuwa 2025, bayan The Castle of Otranto da ya riƙe gurbin daga 2016 zuwa 2020, don haka ɗalibai masu yawa a Nijeriya da Ghana sun gamu da shi, galibi ta hanyar taƙaitawa. Ɗalibar da ta ce ba ta ga soyayya a wurin mutumin da ya jefi matarsa da wuƙa ba tana da hujja a shafi. Wanda ke son auna yadda masu karatu suka karɓi littafin, abin da zai fara tambaya shi ne ko sun kai wasiƙar Isabella a babi na 13 da bayanin Zillah a babi na 30, da kuma ko sun ga Hareton, wanda sunan wani kakan kakanninsa ke sassaƙe a saman ƙofar gidan tare da shekarar 1500, yana koyon karatu a hannun yarinyar da ta taɓa yi masa dariya don ya kasa karanta shekarar. Amsar wanda ya kai waɗannan babuka da ta wanda ya tsaya a mutuwar Catherine ba za su shiga ma'auni ɗaya ba, domin ba littafi ɗaya suka karanta ba.